Ƙungiyar kiɗa marar ubangida: ta yaya take tashi?

Wani matashi daga unguwar Zango ya aiko mini da tambaya. Ya ce su biyar ne, suna da gita biyu da fiyano da gangunan aro, kuma shekara ɗaya da rabi ke nan suna bita a zauren gidan kawun ɗayansu. Ba su da ubangida, ba su da kamfani, ba wanda ya taɓa ɗaukar nauyinsu. Yana son ya san yadda ƙungiya irin tasu take tashi har a ji ta a wajen Damagaram. Ya ambaci Tal National, ƙungiyar kiɗa ta Yamai, ya ce su yaya suka yi har faifansu ya fita a Ingila.

Ƙanena, tambayarka ta yi mini daɗi, kuma zan tsaya in amsa maka da kyau. Na fi shekara 20 ina ɗaukar sono, wato na'urorin sauti na taro, a garin nan, daga gidan biki zuwa gidan suna, daga filin makaranta zuwa gidan matasa da al'adu. Ƙungiyoyin da aka kafa a gaban idona suna da yawa, waɗanda suka kai shekara uku a haɗe kuwa ba su taka kara sun karya ba. Abin da ya raba waɗanda suka ɗore da waɗanda suka watse shi nake son ka gani.

Irin ƙungiyarku Turawa suna ce mata indi, wato mai cin gashin kanta, wadda ba babban kamfanin faifai a bayanta. Akwai wata a birnin Gilasgo na Birtaniya mai suna Belle and Sebastian. A 1996 faifansu na farko ya fita, kwafi 1000 kacal, kuma wata kwaleji ce mai koyar da kasuwancin kiɗa ta buga shi a matsayin aikin ɗalibanta. A 1999 sai ga su sun ci kyautar Brit ta sababbin mawaƙa, saboda masoyansu sun dage da jefa musu ƙuri'a. Mu a nan ba kamfani ne muka gada ba, ubangida muka gada. Marigayi Ma'azu Ɗan Alalo a zamaninsa yana da fadar Damagaram, makaɗin maƙera yana da maƙeransa, makaɗin ƴan kokawa yana da ƴan kokawarsa. Kowane makaɗi ya san ƙofar da zai tsaya. Ku kuwa kun zaɓi hanyar da ba ƙofa ɗaya, jama'ar gari ne ubangidanku, kuma jama'a ba ta riƙe mutum don kunya ko don gado. Ranar da kuka daina gamsar da ita, ranar za ta juya ga wasu.

To mu zo kan Tal National, tunda su ka tambaya. Hamadal Issoufou Moumine, wanda aka fi sani da Almeida, shi ya kafa ƙungiyar a Yamai a shekarar 2000. Ya buga ƙwallo a baya, ya yi aikin alƙali a kotu, kuma bai ajiye aikinsa don gita ba. Sunan ƙungiyar daga saharar Tal ya fito, mai farin rairayi, can wajen Gigimi a jihar Difa. Ya tara matasa daga ƙabilu daban-daban, Zabarmawa da Hausawa da Fulani da Buzaye, suna waƙa da harsunan ƙasar nan, suna ɗauko tsofaffin waƙoƙin gargajiya su ɗora su a kan gita da ganguna masu gudun tsiya, ga kalangu a tsakiya.

Faifan da ka ji labarinsa, Kaani, a 2013 kamfanin FatCat na Ingila ya fitar da shi. Ka ƙirga da kanka: daga 2000 zuwa 2013 shekara 13 ke nan. Mafi yawan matasan da ke yi mini wannan tambaya 2013 suke kallo, ni kuwa waɗancan shekaru 13 nake son ka kalla, don a cikinsu aka yi aikin duka.

Me suke yi a shekarun? Kiɗa suke yi, dare biyar a mako, kuma wasa ɗaya yakan kai awa biyar ba hutu. Biki, suna, taron gari, wuraren shaƙatawa na Yamai. Awa 25 ke nan a mako a gaban mutane, a shekara ya haura awa 1000. Har ta kai yawansu ya wuce goma, alhali mutum shida ne ke hawa dandali a lokaci guda, don su riƙa canjin hannu, wani lokaci ma su rabu gida biyu su yi wasa a wuri biyu a dare ɗaya. Da suka buga faifai, ba su sami kamfanin da zai rarraba musu ba, don babu irinsa a ƙasar, sai suka riƙa sayarwa da hannunsu a shataletalen Yamai. Kafin wani Bature ya san da su, mai taksi da mai sayar da shayi da amaren Yamai sun haddace waƙoƙinsu.

Ina so ka fahimci abin da awa 1000 a gaban mutane take yi wa makaɗi, don zaure ba ya koyar da shi. A zaure kai ne mai kiɗa, kai ne mai sauraro, kowa yana yaba wa kowa. A gidan biki kuwa hukunci a take yake. Ni daga bayan na'urar haɗa sauti nake kallo, kuma ƙafafun mata nake kallo, ba fuskokinsu ba. Akwai lokacin da mai ganga zai ɗan sauya bugu, sai ka ga wata dattijuwa daga dangin amarya ta gyara ɗaurin zanenta ta miƙe, wata ta rangaɗa guɗa, kafin ka ƙifta ido fili ya cika ƙura ta tashi. Akwai kuma lokacin da mai gita zai shiga dogon salo yana jin daɗin yatsunsa, mata su koma kan tabarma su ɗauko hira. Ba wanda zai ce maka ka yi kuskure, za ka gani da idonka. Makaɗin da ya ga wannan sau ɗari ya san tsawon da waƙa za ta yi, ya san inda zai ambaci uwar biki, ya san abin da zai yi idan wuta ta ɗauke ana tsakiyar rawa kafin a tada inji. Ƙungiya mai kyau a nan ake gane ta: wuta ta tafi, gita ta yi shiru, amma kalangu da ganga da tafi sun riƙe fili har inji ya kama, ba wanda ya zauna.

Na san akwai matasa masu ganin wasan biki ƙasƙanci ne, su dandali suke so da fitilu. Wannan tunanin ya kashe ƙungiyoyi da dama a garin nan. Dubi Etran de l'Aïr na Agadas. Ƴan uwa ne na jini, a 1995 suka fara, da gita ɗaya marar wuta da ƙwarya a kife cikin ruwa ana bugunta da takalmi. Bukukuwan talakawan unguwa suka yi ta yi, kuma sai a 2018 faifansu na farko ya fita waje. Yau suna zagaya Turai da Amurka, amma kiɗan da suke kai wa can shi ne dai kiɗan bikin Agadas.

Batun ɗaukar murya kuma, abin da Almeida ya yi akwai darasi a ciki. A lokacin babu sitidiyon da zai ɗauki cikakkiyar ƙungiya yadda yake so a Yamai. Ya yi lissafi ya ga kwashe mutane da kaya zuwa Najeriya ko Gana ya fi tsada a kan ɗauko mutum ɗaya da na'urorinsa. Sai ya gayyato wani mai haɗa sauti daga Shikago, Jamie Carter, ya zo Yamai a 2008 suka ɗauki faifan A-Na Waya, wanda ya karɓu sosai a gida. Ya sake dawowa a 2011 suka ɗauki Kaani. Bayansa Zoy Zoy ya fita a 2015, Tantabara a 2018, duk a FatCat. Ka lura da wanda ya kira wani. Ƙungiyar ce ta nemo ma'aikacin da take buƙata, ba ta zauna tana jiran wani ya zo ya tsince ta ba. Kuma saboda waƙoƙin sun riga sun nuna a gaban jama'a, ɗaukar ba ta ci wata da watanni ba.

Ku a yau kun fi su sauƙi a wannan fanni. Kwamfuta ɗaya da makirfo biyu ko uku masu kyau sun isa a yi aikin da za a saurara. Amma ina roƙonka kada ku yi gaggawar shiga sitidiyo. Waƙar da ba ku buga ta a gaban mutane sau ashirin ba, ba ta nuna ba. Kuma idan kun shiga, ku dage a ɗauke ku tare kuna bugawa kamar yadda kuke yi a fili. Da yawa daga masu sitidiyo sun saba da aikin fiyano, za su ce a cire mai ganga a sa bugun na'ura don ya fi sauƙin gyara. In kun yarda, abin da zai fito ba ƙungiyarku ba ce, waƙa ce irin wadda kowa ke yi daga nan har Kano.

Yanzu abin da ya fi damuna, wato kuɗi. Rashin kuɗi ba ya watsa ƙungiya kamar yadda zuwansa yake watsa ta. Akwai wasu yara shida da na yi wa sono wajen shekara biyu, kuma har yau ban ji mai gitar da ya kai nasu taushin hannu ba a garin nan. Wani dare muka yi biki a Garin Malam, biki na masu hali. Aka yi ta yi wa mawaƙin liƙi a goshi, wani yaro yana bin ƙasa yana tsincewa yana zubawa a leda. Da aka tashi, muka koma ƙofar gidan da suke ajiye kaya, aka shimfiɗa tabarma, aka haska fitilar salula, aka zazzage ledar. Takardun sun jiƙe da zufa, wasu sun manne da juna, ana ɓamɓarewa ana jerawa jika-jika. Sai mawaƙin ya sa hannu ya ja tulin gabansa, ya ce kuɗin da mai biki ya biya na kowa ne, amma liƙi a goshinsa aka yi. Mai gangan yana zaune a gefe, tafin hannunsa ya fashe, ya ɗaure da tsumma. Bai ce uffan ba. Ya karɓi abin da aka miƙa masa, ya tare kabu-kabu ya tafi. Bai ƙara zuwa bita ba, kuma cikin wata biyu ƙungiyar ta zama labari. Abin yana yi mini ciwo har yanzu, don magana ce da za a iya kashe ta da zaman rabin awa tun kafin a ga ko dala.

Don haka ku zauna yanzu, tun aljihu yana wayam, ku yanke yadda za a raba. Shawarata ita ce duk abin da ya shigo, kuɗin biki da liƙi, a haɗa shi wuri ɗaya. A fara cire kason kaya, kamar a ce kaya mutum ne na shida a cikinku, don tsirkiyar gita tana tsinkewa, fatar ganga tana fashewa, kuma ba za ku dawwama a kan aro ba. Sauran a raba daidai. Wanda ya rubuta waƙa haƙƙinsa daban ne, zan zo kansa. Ku sayi littafi na ƴan makaranta, mutum ɗaya ya riƙe, a rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita, kowa ya gani. Ku kuma rubuta na wa ne kowane kaya, da abin da zai faru idan wani ya fita. Kuma kada ku je biki ba tare da an ba da kafin alƙalami ba, ko na ɗan uwa ne. Abin da na fi yaba wa Tal National ke nan: an gina ta yadda ba ta rataya a wuyan mutum ɗaya ba. Mawaƙa sun shiga sun fita, sunan yana nan, aikin bai tsaya ba.

Za ka ce zamani ya sauya, yanzu salula ce kasuwa. Gaskiya ne, kuma ɗan ƙasar nan ne ya fi kowa nuna haka. Makaɗin gita Mdou Moctar ya je Sakkwato a 2008 ya ɗauki faifansa Anar, da irin gyaran muryar da ake yi wa waƙoƙin finafinan Hausa. Waƙoƙin suka yi ta yawo daga salula zuwa salula, daga katin memori zuwa wani, har Mali. A can wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, mai ƙaramin kamfanin Sahel Sounds, ya ji ɗaya, ya sa ta a wani faifan haɗaka na waƙoƙin salular Sahara da ya fitar a 2011. Sai da ya sha nema kafin ya gano mai waƙar. A 2021 Mdou ya fitar da Afrique Victime a kamfanin Matador na Amurka, kuma tsakanin waɗannan shekaru shi ma ya sha yin wasan bukukuwa a Agadas. Darasin da ke nan ƙarami ne amma mai tsada: waƙa tana tafiya ta bar mai ita a baya. Ku faɗi sunan ƙungiyarku da sunan garinku a cikin waƙar kanta, da baki, yadda ko an sauya sunan fayil sau goma ba zai goge ba. Ku kai wa masu tura waƙa a kasuwar Dole kyauta, ku kai gidajen rediyon gari, ku tura wa fadojin samari ta WhatsApp. Bidiyon minti ɗaya na fili cike da rawa ya fi muku amfani a Facebook da TikTok a kan bidiyon da kuka ci bashi kuka yi hayar mota kuka jingina da ita.

Sai tambayar da ba ka yi ba, amma dole in yi maka ita: wane irin sauti ne naku? Damagaram tana tsakanin manyan koguna biyu na kiɗa. Daga arewa gitar Agadas, daga kudu fiyanon Kano, kuma kowanne yana da ƙarfin da zai tafi da ku. Na ji yara da yawa a nan suna kwaikwayon ɗaya daga ciki, kuma sun iya, amma wanda yake son gitar Agadas zai nemi ɗan Agadas ne. Ku kuna da abin da ba su da shi. Kuna da algaita da kakakin ƙofar fada, kuna da bugun Barebari, kuna da kiɗan ƴan kokawa, da waƙoƙin daka da na niƙa da kakanninku mata suke yi, da Hausar Damagaram wadda ko a rediyo aka ji ta an san daga inda ta fito. Marigayi Malam Maman Barka, haifaffen Taskar a jihar nan, malamin makaranta ne da ya yi suna da gurumi. Daga baya ya tafi bakin tafkin Cadi ya zauna gaban wani dattijo ya koyi biram, kayan kiɗan Buduma mai tsirkiya biyar wanda ya kusa ɓacewa, kuma da shi ya zagaya duniya kafin rasuwarsa a 2018. Ban ce ku ajiye gita ku ɗauki biram ba. Cewa nake ku je ku zauna gaban tsohon makaɗin kalangu a unguwar Birni, ku gaishe shi da goro, ku roƙi ya nuna wa mai gangarku bugu uku, sa'an nan mai gita ya nemi hanyar da zai bi a kansu. Wata shida kuna wannan, za ku ji wani abu ya fito wanda ba ku taɓa ji a salular kowa ba.

Game da gida kuwa, na san ba kowane uba ne zai ji daɗin ganin ɗansa da gita ba, musamman gidan da ba su gaji kiɗa ba. Kada ku yi fito-na-fito da iyaye. Ku riƙe sana'arku ko karatunku, ku kiyaye salla, ku nisanci ƙwaya, ku tsabtace kalmomin waƙarku yadda mahaifiyarka za ta ji ba ta sunkuyar da kai ba. Wanda ya kafa Tal National da rana yana kotu, da dare yana dandali. Sana'ar rana ita ce za ta ba ku ƙarfin cewa a'a idan ɗan siyasa ya zo da kuɗi lokacin zaɓe yana son ku zagi abokin hamayyarsa. Waƙar siyasa tana kawo kuɗi a wata uku, ta raba ku da rabin gari na shekaru.

In Allah ya sa wani kamfani ya neme ku, daga Yamai ko daga waje, kada ku sa hannu a takarda a ranar da aka miƙo ta. Ku nemi wanda ya san doka ya karanta muku. Abu uku za ku tambaya: shekara nawa kamfanin zai riƙe waƙoƙin, kashi nawa ne naku bayan an cire kuɗin aiki, kuma wa ke da ikon ba da waƙar idan masu fim ko masu talla suka nema. Tun kafin wannan rana, ku yi rajistar waƙoƙinku a hukumar kare haƙƙin mawallafa ta ƙasa, BNDA, da sunan wanda ya rubuta baiti da wanda ya tsara kiɗa. Idan waƙar gargajiya kuka ɗauko kuka gyara, ku faɗi haka, kada ku ce taku ce.

Ka ce shekara ɗaya da rabi kuna zaure. Ya isa haka, ƙanena. Bayan girbi bukukuwa za su yawaita a gari da ƙauyukan kewaye, daga Mirya har Matamai. Ku shirya waƙa goma sha biyu da za ku iya bugawa a jere ba tsayawa, takwas waɗanda mutane suka sani, huɗu naku, ku cusa naku a tsakiya lokacin da fili ya yi zafi. Ku sa wani ƙaninku ya tsaya a gefe da salula ya ɗauki masu rawa, ba ku ba. Washegari ku zauna ku biyar ku kalla, ku ga a wace waƙa aka miƙe, a wace aka zauna. Idan kun yi biki goma, ka sake rubuto mini ka gaya mini wace ce a cikin huɗun nan naku mata suka nemi a maimaita, daga nan sai mu yi maganar sitidiyo.